Takardar da ke kwana a jakar yaro: abin da ke raba iyaye Hausawa da makarantar firamare a Kamaru

Kowace shekara idan watan Satumba ya kama, makarantun firamare na Kamaru kan cika maƙil da iyaye. Ana layin rajista, ana cinikin littattafai da kayan makaranta, ana roƙon darakta ya karɓi yaron da aka kawo a makare. Bayan mako biyu sai ƙafa ta ɗauke. Iyaye da yawa ba sa sake taka harabar makarantar sai in an koro yaro saboda kuɗi, ko kuma a watan Yuni, lokacin da sakamakon ƙarshen shekara ya fito, ba sauran abin gyarawa.

Malamai kan ce iyaye ba su damu ba. Iyaye kuma su ce makaranta ba ta tunawa da su sai za ta karɓi kuɗi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma a unguwannin Hausawa irin su Briqueterie a Yawunde da New-Bell a Duwala, da unguwannin Garwa da Marwa da Ngaundare, akwai wani abu na uku da ba a cika faɗa ba: saƙon da makaranta ke aikawa gida sau da yawa ba ya isa, in kuma ya isa, babu mai karanta shi.

Harshe da ɗan aike

Makarantar gwamnati a yankunan da ke amfani da Faransanci tana magana da iyaye ta hanyoyi uku: sanarwar da malami ke rubutawa a allo yara su kwafa a littafi, takardar sakamako ta ƙarshen zango, da takardar kira idan wani abu ya faru. Duka ukun da Faransanci ake rubuta su, kuma duka ukun yaron ne ke kai su gida. Mahaifin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafin shagonsa da ajami ko da Larabci, mutum ne mai ilimi, amma wannan takarda ba da shi take magana ba. Sai ya miƙa wa yaron ya ce ya karanta masa. Wato wanda ake ƙara shi ne ɗan aike, kuma shi ne tafinta. Yaro ɗan shekara tara da aka rubuta cewa ya yi kwana shida bai zo aji ba, ba sai an tambayi abin da zai fassara ba.

Ga Hausawa matsalar ta ninka, domin ko a inda makaranta ke ƙoƙarin sauka zuwa harshen gari, ba Hausa ba ce harshen garin. A arewacin Kamaru Fulatanci ne ake ji a kasuwa da tasha. A Yawunde da Duwala Faransancin titi ne ke haɗa mutane. A Injamena ta Cadi kuwa Larabcin ƙasar ne. Malamin da gwamnati ta turo daga kudu zuwa Garwa wataƙila bai iya ko ɗaya daga cikin harsunan yankin ba. Maza 'yan kasuwa kan iya harsuna uku ko huɗu, su kan yi maneji. Matan da ke cikin gida, waɗanda su ne ke ganin yaro safe da yamma, su ne suka fi nisa da harshen makaranta.

Ita kanta takardar kiran tana da nata tsoro. Kalmar da ake rubutawa a samanta, convocation, ita ce dai kalmar da 'yan sanda da jandarma ke amfani da ita idan sun aiko da sammaci. Uban da ba a taɓa kiransa makaranta don a yaba wa ɗansa ba, ya san cewa in an kira shi, ko laifi ne ko bashi. Ba abin mamaki ba ne ya tura ƙanensa, ko ya ce gobe.

Akwai kuma batun wanene uban a takarda. A gidajen Hausawa riƙo abu ne na yau da kullum: yaro yana hannun kakarsa, ko gwaggonsa, ko yayan mahaifinsa, shi kuwa mahaifin yana kan hanya tsakanin Ngaundare da Duwala da shanu ko da kaya. Lambar wayar da aka bayar ranar rajista ta wanda ba ya gari ce. Darakta ya kira sau biyu bai samu ba, sai ya rubuta a ransa cewa gidan nan ba su damu ba.

Kyauta ce, to kuɗin mene ne?

A jawabinsa ga matasa na watan Fabrairun 2000, Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Domin cike gurbin, gwamnati ta ɗauki nauyin aika wa makarantu ɗan kayan aiki na farkon shekara, irin su alli da rajista da littattafan shirya darasi, abin da ake kira paquet minimum, wanda daga baya aka miƙa rabonsa ga ƙananan hukumomi. Ƙorafin da aka saba ji daga daraktoci shi ne kayan ba sa isa, kuma kan zo bayan an daɗe da buɗe makaranta.

Babban giɓin ma ba na alli ba ne, na malamai ne. Inda gwamnati ba ta turo isassu ba, iyaye ke ɗaukar nasu su biya su daga aljihunsu. Su ne ake kira malaman iyaye, kuma sun fi yawa a ƙauyuka da yankunan arewa. A Cadi abin ya fi haka girma, domin malaman da al'umma ke ɗauka su ne ginshiƙin makarantun karkara. Kuɗin da ake karɓa da sunan ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, daga cikinsa ake biyan waɗannan malamai, a gyara benci, a biya mai gadi, wani lokaci a gina aji.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne wannan kuɗi ba na gwamnati ba ne, kuma ba na darakta ba ne. Ƙungiyar iyaye ƙungiya ce mai zaman kanta a ƙarƙashin dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta watan Disambar 1990. Babban taron iyaye ne ke da ikon yanke adadin da za a biya, shi ke zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji, kuma a gabansa ya kamata ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda bai je taron ba, an yanke hukunci a kan aljihunsa ba ya nan. A makarantun da ɗaliban unguwar Hausawa suka yi yawa, ba wuya a tarar babu Bahaushe ko ɗaya a shugabancin ƙungiyar, ba don an hana su ba, sai don an yi zaɓen ranar da suke kasuwa, da harshen da ba su saki jiki da shi ba.

Bayan ƙungiyar akwai majalisar makaranta, wadda dokar shugaban ƙasa ta watan Fabrairun 2001 kan tsarin makarantun gwamnati ta tanada, bisa ruhin dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 da ta ambaci iyaye a cikin masu ruwa da tsaki a harkar makaranta. A majalisar akwai darakta, da shugabannin ƙungiyar iyaye, da wakilan malamai da na iyaye, da wakilin ƙaramar hukuma, har da na sarakunan gargajiya. Ita ke amincewa da tsarin aikin shekara da kasafin kuɗin makaranta. A takarda ke nan. A wurare da dama majalisar suna ce kawai, darakta da mutum biyu su sa hannu a wuce. Amma kujerar tana nan, kuma Sarkin Hausawan gari ko mai unguwa da ya tambayi inda kujerar take bai yi shisshigi ba.

Wucewa aji ba shaidar iya karatu ba ce

Wannan shi ne wurin da rashin labari ya fi yin ɓarna, domin ba ya ciwo sai an makara. Firamaren Kamaru aji shida ce, an kasa ta mataki uku: SIL da CP, sai CE1 da CE2, sai CM1 da CM2. Tun 2006 ƙa'idar ma'aikatar ilimin firamare ita ce yara su wuce tare a cikin mataki guda, maimaita aji sai a ƙarshen mataki, shi ma ba kasafai ba. An yi hakan ne domin rage yawan maimaitawa da ke sa yara barin makaranta, kuma dalilin yana da ƙarfi. Sai dai ba a yi wa iyaye bayani ba. Uba ya ji an ce ɗansa ya wuce daga SIL zuwa CP, ya yi hamdala, ya saya masa sabon takalmi, alhali yaron bai iya haɗa baƙi da wasali ba.

Binciken PASEC na 2019, wanda ya auna ɗalibai a ƙasashe 14 na Afirka masu amfani da Faransanci, ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar da Benin, ya nuna cewa fiye da rabin yaran da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba, a lissafi ma abin ya fi muni. Waɗannan yara ne da suka yi shekara shida suna fita da safe da jaka a baya, iyayensu suna ganinsu.

Takardar sakamako tana ɗauke da alamun, in an san inda za a duba. Iyaye sun fi tambayar na nawa yaro ya zo, amma matsayi a aji yaudara gare shi: na goma a ajin da mafi yawa ba su iya karatu ba bai tsira ba. Abin dubawa shi ne makin Faransanci da na lissafi, kowanne shi kaɗai, domin jimillar maki kan haɗa da wasanni da zane da waƙa, waɗanda ke iya ɗaga yaro ya kai rabin maki ba tare da ya iya karanta jimla ɗaya ba. Sai kuma gurbin kwanakin da bai zo ba, da ɗan layin da malami ke rubuta ra'ayinsa a ƙasa.

Kuma ba dole sai uba ya iya Faransanci kafin ya gane ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san bambancin mai karatu da mai tilawar abin da ya haddace. A buɗe wa yaro shafin da ba a kai ba a littafinsa, a ce ya karanta, sannan ya faɗi da Hausa abin da shafin ya ce. In ya tsaya yana kallon hoto yana ƙirƙira, an gane. A ba shi lissafin canji irin na shago. A duba littafin rubutunsa a ga ko akwai jan biro na malami, da kwanan watan da aka yi gyara na ƙarshe. Littafin da ya yi wata guda babu jan biro yana ba da labarin ajin, ba na yaron kaɗai ba.

Abin da aka gwada a Nijar

Makwabciyar da ta fi nisa a wannan fanni ita ce Nijar. A 2004 aka fara wani shiri mai suna Makaranta Don Kowa a jihar Tawa, da tallafin hukumar haɗin gwiwa ta Japan, JICA, domin farfaɗo da kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES, waɗanda daga baya aka sauya musu suna zuwa CGDES. Shirin ya bazu zuwa Damagaram, sannan ƙasa baki ɗaya, daga baya kuma aka kwaikwaye shi a Senegal da Mali da Burkina Faso.

Abin da ya bambanta shi ba kuɗi ba ne. Na farko, an daina naɗa 'yan kwamiti ta bakin mai gari ko ta ɗaga hannu a gaban manya, aka koma ƙuri'ar sirri. Duk wanda ya san zaman gari ya san abin da hakan ke nufi: babu mai ɗaga hannu ya ƙi ɗan'uwan hakimi a bainar jama'a, amma a ɓoye kowa na iya zaɓen wanda ya amince da shi a kan kuɗi. Na biyu, ana kiran taron gari gaba ɗaya, a jera matsalolin makaranta da harshen da kowa ke ji, a zaɓi waɗanda za a iya magancewa da ƙarfin gari, a rubuta wa zai yi me, sannan a sake taruwa a ƙarshen shekara a ji abin da aka yi da kuɗin. Daga baya aka ƙara mataki na uku, wanda ya fi kowanne tasiri a zukatan iyaye: a yi wa yara gwaji mai sauƙi na lissafi da karatu, a kawo sakamakon gaban taron, kowa ya ga yara nawa ne a aji suka iya, nawa ne ba su iya ba. Daga nan gari kan shirya darasin ƙari bayan an tashi, da taimakon matasan da suka yi karatu.

Ba a ce kwamiti ya warware matsalar ilimi a Nijar ba, domin sakamakon ɗalibanta har yanzu yana cikin masu rauni a yankin, kuma taron iyaye ba ya haifar da ƙwararren malami ko ya rage yawan yara a aji. Ƙauyen Tawa kuma ba Briqueterie ba ne. A can kowa Hausa yake ji, makarantar kuma ta gari ɗaya ce. A Yawunde aji ɗaya na iya haɗa yaran ƙabilu goma, Hausawa kashi ne kawai a ciki. Abin da za a iya ɗauka shi ne dabarar: lissafin kuɗi a fili, sakamakon yara a fili, da harshen da mai biyan kuɗin ke ji.

Wata dabarar da ta fito daga Burkina Faso a shekarun 1990, ta kuma yaɗu zuwa Nijar da Benin da wasu ƙasashe, ita ce ƙungiyar uwayen ɗalibai, AME. An kafa ta ne saboda an lura cewa a taron da maza suka cika, mata ba sa magana, ko ma ba sa zuwa. Ga unguwannin da mata ke zaman kulle, wannan ta fi dacewa da yadda rayuwa take. Matan da ba za su je taro a makaranta ba suna haɗuwa a Islamiyya, da wurin adashi, da gidan suna. Malama ɗaya ko tsohuwar ɗaliba da za ta riƙa kai musu labarin makaranta a can ta fi takardar kira ɗari. Su ne kuma suka san yarinyar da aka fara ɗora wa talla da safe, da wadda ake maganar aurenta, tun kafin kujerarta ta zama fanko.

Abin da bai buƙatar izinin minista

Yawancin gyaran ƙanana ne. Ranar rajista a rubuta lambar wanda yaron ke kwana a hannunsa, ba ta mahaifin da ke tafiya kaɗai ba. A sa taron iyaye a lokacin da ba na cin kasuwa ba, kuma ba gab da sallar Juma'a ba, a tanadi mai fassara tun kafin a zauna, ba a tsakiyar taro a fara waige-waigen wa ya iya ba. A sanar da ranar taron a masallacin unguwa, inda sanarwar ɗaurin aure da ta jana'iza ke isa kowane gida cikin yini ɗaya.

Wayar hannu ta sauƙaƙa abin, amma da sharaɗi. Makarantu da yawa a birane sun buɗe zauren WhatsApp na kowane aji, sai dai in rubutun Faransanci ake zubawa a ciki, an mayar da tsohuwar matsala cikin sabuwar riga. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ko Fulatanci, daga bakin wani uba da aka wakilta, shi ke isa kunnen kaka. Zauren kuma yana buƙatar mai tsaro, in ba haka ba cikin mako guda ya cika da wa'azi da tallan atamfa, sanarwar jarrabawa ta nutse. Laifin yaro ko bashin gidansu ba a zaure ake faɗa ba. Uban da aka kunyata a gaban mutum sittin ba zai sake buɗe saƙon makaranta ba.

A ɓangaren iyaye, abin da malamai suka fi kuka da shi shi ne ɓacewar yara ba sanarwa: hutun sallah na kwana ɗaya ya zama na mako guda, ko a tafi da yaro biki Kano ko Yola a tsakiyar zango. Malamin da ke da yara tamanin ba zai koma baya saboda mutum ɗaya ba, kuma a SIL da CP, inda ake koyon haruffa ɗaya bayan ɗaya, mako biyu na iya zama ramin da yaro zai daɗe bai fita ba. Haka nan jadawalin makarantar allo da na boko: inda malamin allo da darakta suka san juna, akan daidaita lokaci yaro ya samu duka biyun ba tare da yana gyangyaɗi a aji ba.

Takardar haihuwa

Akwai labari guda da ya kamata ya isa kowane gida tun yaro yana ajin farko, amma yawanci sai a CM2 ake jin sa. Makarantu kan karɓi yaro a SIL ko ba shi da takardar haihuwa, sai dai ba a haɗa takardun jarrabawar kammala firamare, wato CEP, da ta shiga ajin farko na sakandare ba tare da ita ba. A gidaje da yawa an yi suna ranar bakwai, an yanka rago, unguwa duk ta shaida, amma ba a je ofishin magajin gari an yi rajista ba, musamman in a gida aka haihu. Idan wa'adin da doka ta bayar ya wuce, sai an bi ta kotu a samo hukuncin da ke maye gurbin rajistar, wanda kan buƙaci shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, ga kuɗi, ga jira. Wani lokaci hukumomi da ƙungiyoyi kan shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka domin 'yan makaranta, amma shi ma sai wanda ya ji labari ke amfana.

Wanda ke da takardar ma yana da abin dubawa. Jami'in rajista kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji da ƙa'idar Faransanci: Usman ya zama Ousmanou, A'ishatu ta zama Aïssatou, Muhammadu ya koma Mohamadou ko Mahamat. In sunan da ke rajistar makaranta ya saɓa da na takardar haihuwa ko da harafi ɗaya, ko aka juya sunan yaro da na uba, matsalar kan biyo shi har takardar shaidar jarrabawa da katin ɗan ƙasa. Daraktoci kan fara tattara takardun 'yan CM2 tun zangon farko na shekara, don haka lokacin da ya dace uba ya ɗauki takardar haihuwar ya je ya gwada ta da rajistar aji, harafi da harafi, shi ne tun yaron yana CE2 ko CM1.